Injin Jirginmu Ya Ƙwace, Mun Kashe Makulli Ya Ƙi Mutuwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, ina yi maka fatan alheri tare da sauran ma'aikatan wannan mujalla. Ni yaron inji ne a wani jirgin ruwa na dakon yashi a Legas, kuma shekarata ta huɗu ke nan a wannan aiki. Injinmu tsohon injin dizal ne mai silinda shida da turbo, wato fankar da ke cusa wa inji iska. A makon jiya mun taso da lodi, ruwa yana ɗan kaɗa mu, sai kawai injin ya ɗauki wata irin ƙara da ban taɓa ji ba, hayaƙi fari mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe bayan jirgin har ba ma hango gaɓa. Matuƙi ya mayar da totur ƙasa ya kashe makulli, ni kuma na rufe bawul ɗin da ke kawo dizal daga tanki, amma kamar zuga shi muke yi. Wani ya cire kan batir, wani ya ɗebo ruwa a bokiti zai watsa masa, Allah Ya sa aka riƙe hannunsa. A ƙarshe wani dattijo a cikinmu ya fizge matatar iska ya danna katifar kujera a bakin, injin ya shaƙe ya mutu bayan ya haɗiye wani yanki na yadin katifar.

Kanikawa biyu sun zo sun duba. Ɗaya ya ce turbo ne a sayi sabo, ɗayan ya ce famfon injekta ne, wato wanda ke tura dizal zuwa silinda, a kai shi gyara, mai jirgi kuma yana so a tayar da injin a gwada ko abin ya wuce. Wanne ne ya fi gaskiya, kuma me ya sa inji zai ƙi mutuwa alhali an hana shi mai? Ban sani ba ko wannan yana da amfani: da can injin yana shan baƙin mai, kusan kullum sai mun ƙara, amma mako biyu kafin abin ya faru ya daina sha, har geji yana nuna ya haura alamar sama, mu kuwa muka yi ta murna.

Daga wani mai karatu a Legas.

AMSA

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, da farko ina taya ku murnar fita lafiya, kuma ka miƙa gaisuwata ga dattijon nan, domin shi kaɗai ne a ranar ya yi abin da yake kashe injin da ya ƙwace. Kafin kowane bayani, ka roƙi mai jirgi ya haƙura da batun gwaji. Injin da ya ƙwace sau ɗaya ba a gano dalili ba, yana nan a shirye ya sake, kuma karo na biyu zai same shi da raunin da karo na farko ya bari. Sannan maganar da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka kana shakkar amfaninta, ita ce mafi nauyi a cikin duk abin da ka rubuta.

Injin fetur yana buƙatar tartsatsin fulogi kafin ya ƙone mai, shi ya sa da ka kashe makulli ka ɗauke masa wuta sai ya mutu. Injin dizal, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya kai ga tayar da shi yadda ya kamata a 1897, ba shi da fulogin tartsatsi ko ɗaya. Fistin ne yake matse iska zalla a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Selsiyas, sai nozul ya feso dizal a cikin wannan zafi ya kama da kansa. Haka kuma a irin tsofaffin injunan nan babu abin da yake rage iska; ƙofarta a buɗe take kullum, inji yana zuƙar iyakar abin da zai iya. Totur, da makulli, da wayar kashe inji, da gwamnan da ke cikin famfon injekta yana hana gudu wuce iyaka, dukkansu a ƙofa ɗaya suke gadi, wato ƙofar dizal. Idan wani abu mai kamawa da wuta ya biyo ta ƙofar iska, masu gadin nan ba su ma san ya shigo ba. Zafin da ke cikin silinda kuwa ba ya tambayar sunan mai, kuma baƙin mai yana ci sarai idan ya shigo a matsayin feshi. Daga nan abin yake ciyar da kansa: gudu ya ƙaru, zuƙa ta ƙaru, baƙin man da ake janyowa ya ƙaru, gudu ya sake ƙaruwa. Gwamna yana can ya riga ya rufe dizal gaba ɗaya, amma linzamin da yake ja ba a bakin dokin yake ba.

Ƙwacewa iri biyu ce, kuma bambance su shi ne rabin aikin bakanike. Akwai wadda dizal ɗin ne da kansa yake kwarara fiye da ƙima, saboda sandar da ke auna mai a famfon injekta ta maƙale a buɗe ko gwamna ya lalace. Irin wannan takan zo da baƙin hayaƙi, ta fi faruwa a tashin farko bayan an taɓa famfo ko bayan inji ya daɗe a ajiye, kuma tana mutuwa idan dizal ya yanke. Sai dai rufe bawul ɗin tanki ba ya yanke shi nan take, domin abin da ya rage a matatar mai da bututu yana iya riƙe inji na wani lokaci, saboda haka wannan shaida ita kaɗai ba ta wanke famfon injekta ba. Iri na biyu shi ne wanda inji yake cin wani abu dabam. Hayaƙinsa fari ne mai kauri da shuɗi-shuɗi, da ƙaurin baƙin mai, kuma babu ruwansa da makulli. Launin hayaƙin da ka kwatanta, da yadda abin ya faru ana tsakiyar tafiya ba wanda ya taɓa famfo, sun karkata ni ga iri na biyu.

Yanzu ga batun geji. Inji ba ya haifar baƙin mai. Tsohon injin da ya saba sha, idan ya wayi gari ya daina, har man yana ƙaruwa, to bai warke ba, wani ruwa ne yake zubowa cikin kwanon baƙin mai da ke ƙasansa yana cike gurbin abin da yake sha har da rara. Ruwan nan ɗaya ne cikin biyu. Idan ruwan sanyaya inji ne, za ka ga man ya koma launin shayi da madara, wani lokaci da kumfa a murfin da ake zuba mai. Idan dizal ne, launin ba ya sauyawa sosai, shi ya sa yake yaudarar mutane, amma man yana tsinkewa. Ka zaro geji ka lakato man ka murza tsakanin babban yatsa da manuni: lafiyayyen baƙin mai yana da santsi da ɗan danƙo, wanda ya sha dizal kuwa yana gudu a yatsa kamar ruwa, kuma hancinka zai gaya maka sauran. Ka kuma ɗiga ɗigo guda a kan farar takarda ka ajiye ta a inuwa na 'yan sa'o'i. Idan akwai dizal da yawa, za ka ga baƙin tabo a tsakiya, da wani zobe mai haske wanda ya yi nisa ya zagaye shi. Kada ka yi mamaki idan yau geji ya nuna man ya yi ƙasa, domin injin ya sha rabonsa a cikin mintin nan da ya ƙwace. Ingancin abin da ya rage za ka duba.

Ta ina dizal yake bi ya shiga kwano? Wanda na fi zargi shi ne ƙaramin famfon nan da ke manne a jikin inji yana janyo mai daga tanki zuwa matata. A injuna da yawa, fatar roba ce kawai ta raba dizal da cikin inji a wannan famfo, kuma idan ta tsage, dizal yana ɗiga kai tsaye cikin baƙin mai ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje an gani ba. Abin takaicin shi ne kayan gyaransa suna cikin mafi araha a jikin injin gaba ɗaya. Bayan shi sai sil ɗin da ke bakin famfon injekta inda ya haɗu da inji, sai nozul mai yoyo wanda yake ɗiga mai maimakon feshi, man ya wanke bangon silinda ya gangara ƙasa, sai kuma bututun dizal da suke bi ta ƙarƙashin murfin saman inji a wasu samfura.

Da zarar man ya cika ya tsinke, sauran labarin a bayyane yake. Karanshaf, wato babbar sandar da ke ƙasan inji wadda fistin ke juyawa, yana juyawa yana dukan man da ya taso kusa da shi yana mayar da shi feshi. Kowane inji yana da tiyon numfashi da ke fitar da iskar da ta taru a cikinsa, kuma a injunan jirgin ruwa sau da yawa ana mayar da bakin tiyon nan wajen mashigar iska, don kada hayaƙi ya cika ɗakin inji. Ka ce injinku ya daɗe yana shan baƙin mai, wanda yake nuna zobban fistin sun gaji, hayaƙi yana sulalewa ta gefensu yana cika kwano da matsi. Ga man da ya yi yawa, ga matsin da ke tura shi, ga tiyon da ya nufi bakin inji, sannan ga jirgi mai lodi yana tangaɗi man yana tumbatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Injin janareta da ke zaune a ƙasa yana iya jure abin da injin jirgi ba zai jure ba, saboda wannan tangaɗin. Ka cire tiyon numfashin ka leƙa cikinsa. Idan yana ɗigar mai, ka kama hanyar da ɓarawon ya bi.

Wannan ba ya nufin bakaniken farko ya yi shirme. Turbo yana cikin manyan masu jawo ƙwacewa, domin baƙin mai ne yake shafe sandarsa da ke juyawa sau dubun dubbai a minti, kuma idan ta yi lako-lako ko bututun da ke mayar da man kwano ya toshe, man yana tsallakawa ɓangaren iska ya wuce silinda. Ana gane wannan ba tare da an sayi komai ba. A cire tiyon iska, a kama tsakiyar fankar turbo da yatsu biyu a girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, amma idan fuka-fukan suna gogar bango, ko sandar tana shiga tana fita, ko an ga fuka-fukan sun ɓantare, to ya gama aiki. Sai dai a lura da abu biyu. Turbo mai yoyo rage baƙin mai yake yi, ba ya ƙara shi, saboda haka ba zai bayyana abin da gejinku ya nuna ba. Kuma man da ya cika kwano har ya toshe bakin bututun dawowa yana sa lafiyayyen turbo ya yi yoyo, man da ya tsinke da dizal kuma yana cinye shi. Mai yiwuwa ne turbonku ya lalace, musamman bayan ya haɗiyi yadi, amma ina ganinsa a matsayin wanda aka cutar, kuma idan aka ɗaura sabo a kan wannan kwano, za a yi asarar kuɗi sau biyu. Shi ma bakanike na biyun yana da rabonsa na gaskiya idan sil ɗin famfon injekta ne yake yoyo, kuma ba asara ba ce a gwada famfon da nozul shida ɗin a wurin masu na'urar gwaji.

Akwai wata hanya da ban zarge ta a naku ba, amma ba zan tsallake ta ba saboda yadda ake lodin jarkokin fetur da tukwanen gas na girki a jiragenmu. Tururin fetur da gas ɗin girki sun fi iska nauyi, suna gangarawa su kwanta a ƙasan jirgi inda inji yake numfashi, kuma injin dizal yana zuƙarsu ya ƙwace ko da komai nasa lafiya yake. A ranar 20 ga Afrilu 2010, lokacin da iskar gas ta ɓalle a dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon a Tekun Meksiko, ma'aikatan da suka tsira sun ba da shaidar cewa sun ji injunan dizal na dandalin suna ƙara gudu da kansu daf da fashewar da ta kashe mutum 11. Irin wannan haɗari ne ya sa a wuraren aikin mai ake ɗaura wa injunan dizal bawul mai datse iska. Tsofaffin injunan Detroit Diesel samfurin 71, waɗanda aka fara ƙerawa a 1938 kuma suka yi suna a jiragen ruwa, da yawansu suna zuwa da irin wannan murfi a mashigar iska tun daga masana'anta.

Idan Allah Ya ƙaddara ka sake ganin irin wannan, daƙiƙu kake da su. A ja totur ƙasa a ja abin kashe inji sau ɗaya. In bai amsa ba, kada a tsaya ana maimaitawa, a nufi iska. Idan jirgi yana cikin giya kuma gabansa fili ne, matuƙi ya bar shi a giya, domin nauyin farfela a cikin ruwa yana danne gudun injin, mayar da shi firi kuwa sakin doki ne a fili. Direban mota yana iya sa babbar giya ya taka birki ya shaƙe inji, amma jirgi ba shi da birki, farfela sulɓi take yi a ruwa. Abin da ya fi dacewa da toshe bakin iska shi ne faffaɗan katako mai kauri wanda ya fi bakin faɗi, a ɗora shi a danne daga baya har injin ya tsaya cak, domin idan aka ɗaga da wuri zai farfaɗo. Tsumma da riga da leda inji haɗiye su yake yi, kamar yadda ya yi da yadin katifarku. Tafin hannu kuwa kada ma ya zo maka a rai, domin ƙarfin zuƙar da fankar turbo da ke bayanta sun isa su raba mutum da yatsunsa. Hanya ta biyu mai kyau ita ce tukunyar kashe gobara mai iskar kabon, wadda ake ganewa da baƙin ƙahonta mai faɗi, a fesa ta a mashigar iska ba tare da tsayawa ba har injin ya mutu. Tana hana inji numfashi ba ta bar datti ba, amma haka take hana mutum, don haka mai fesawa ya fice daga ɗakin inji nan take. Mai farar hoda tana lalata cikin inji, ba a nufarta sai babu wata.

Cire kan batir bai taimake ku da komai ba, tunda irin wannan inji ba ya buƙatar lantarki da zarar ya tashi, kuma cire shi inji na gudu yana iya ƙona na'urar cajin batir; ku duba ta. Wanda ya riƙe hannun mai bokiti shi ma ya cancanci godiya. Ruwa ba ya matsuwa, kuma idan ya shiga silinda ana wannan gudu, sandar fistin ce take lanƙwashewa ko ta karye ta huda jikin inji. Ka kuma kula da inda kake tsayawa. Idan gudun inji ya ninka biyu, ƙarfin da ke fizgar fistin da sandunansa ninki huɗu yake yi, kuma abin da ya tsinke ta gefe yake fita, saboda haka ta kan inji ake zuwa, ba a tsayawa daura da cikinsa ko daura da babban faifan ƙarfen da ke bayansa. Idan ba za a iya kai wa ga bakin iska ba sai an rungumi inji, to a bar shi. Kowa ya fita ya sa rigar kariya daga nutsewa, a rufe ƙofa da kafofin iskar ɗakin inji, a tsaya nesa da abin kashe gobara a hannu. Zai mutu da kansa idan ya shanye mansa ko ya kama, kuma inji ana sayen wani.

Bayan ya tsaya, kada a yi gaggawar buɗe murfin mai ko wata ƙofa ta jikinsa, a ba shi aƙalla rabin sa'a ya huce. Cikinsa cike yake da tururin mai mai zafi, kuma iska sabuwa ce kawai ta rage masa ya kama. Masu aikin manyan jirage ba sa wasa da wannan tururi: a watan Satumba na 1947 fashewarsa a injunan jirgin fasinja na Birtaniya mai suna Reina del Pacifico, ana gwajinsa kusa da Belfast, ta kashe mutum 28.

Naku ya riga ya huce, don haka ga abin da zan so a yi kafin a taɓa makulli. A juye baƙin man duka a auna yawansa, a yanka matatarsa a buɗe takardar a rana a nemi ƙyallin ƙarfe, domin shi zai nuna ko metal, wato ƙarfen da karanshaf yake juyawa a kansa, ya ci. A kwance hanyar iska tun daga matata har bakin silinda, a wanke man da ya kwanta a tiyo da akwatin sanyaya iska idan injin yana da shi, a nemo yadin katifar nan. Man da aka bari a waɗannan wurare shi kaɗai ya isa ya sa inji ya sake ƙwacewa a tashin farko, kuma wannan yana samun mutane bayan sun ɗaura sabon turbo suna ganin sun gama. A cire nozul duka a juya injin da hannu zagaye biyu a ji ko yana cijewa, a buɗe murfin sama a duba ko akwai sandar bawul da ta lanƙwashe, sannan a auna matsin kowace silinda, wanda zai faɗi gaskiyar halin zobban fistin. A kuma sauya wa tiyon numfashi hanya, ya bi ta gwangwanin da ke tare mai kafin ya isa mashigar iska.

Ranar tashin farko, jirgi ya kasance a ɗaure a gaɓa, baƙin mai sabo yana tsakanin alamomi biyu na geji ba a saman ta sama ba, matatar iska a cire, mutum ɗaya yana tsaye da katako a hannu, wani da tukunyar iskar kabon. Katakon nan, bayan an gama, a huda shi a ɗaure da igiya kusa da bakin iska, kuma kowa a jirgin har mai dafa abinci ya san amfaninsa. Kai kuma da kake yaron inji, ka samu ƙaramin littafi ka riƙa rubuta inda mai ya tsaya a geji kowace safiya kafin a tayar, jirgi yana zaune daidai a ruwa, tare da yawan abin da ka ƙara. Ranar da ka ga ya hau ba ka zuba ba, a ranar za ka kira bakanike, kuma ka ce masa ya fara da ƙaramin famfon da ke janyo dizal daga tanki.